Manaja na zaluntar mu: ko zan iya cire haƙƙina daga kuɗin kamfani a ɓoye?

Tambaya: Malam, ni ne kashiya a wani kamfanin rarraba kaya. Manajanmu yana zagin mu a gaban kwastomomi, yana tsare mu har dare ba ko sisin ƙari, wanda ya yi magana a yi masa barazanar kora. Wani ya ce ya halatta in riƙa cire haƙƙina a ɓoye. Haka ne?

Amsa: Allah ya kawo maka mafita, ɗan'uwa. Zagi da cin gumin ma'aikaci zalunci ne, babu saɓani. Amma ka ce kai ne kashiya, kuma nan hukuncin ya juya: kuɗin amana ne a hannunka, don haka bai halatta ka taɓa su ba.

Wanda ya ba ka wannan fatawa ya tsinci mas'alar da malamai ke kira zafar, wato mutum ya ci karo da dukiyar wanda ya danne masa haƙƙi. Shafi'awa sun halatta ɗauka, suna kafa hujja da Hindu matar Abu Sufyan, wadda Annabi (SAW) ya yi wa izinin ɗibar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijin nata. To amma ciyar da mata haƙƙi ne bayyananne, kowa ya san dalilinsa. Wannan bambancin Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka riƙe. Kai kuwa wa ya ƙayyade kuɗin awannin nan? Kana cikin fushi, kai ne mai ƙara, kai ne alƙali. Ko Shaihu Halil da ya sassauta a Muktasar, ya sa sharaɗin kuɓuta daga fitina da zubewar mutunci, sannan a babin ajiya ya hana ɗauka daga abin da aka ba ka amana. Kashiyan da aka samu giɓi a lissafinsa ɓarawo za a kira shi, ko a ɗora wa yaran shago da ba su ji ba su gani ba. Ga kuma hadisin Abu Dawuda da Tirmizi: kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Kuma dukiyar ta masu kamfani ce, ba ta manajan ba.

Kai ƙara ba giba ba ce; aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar faɗa. Ku rubuta awanninku da kwanan wata, ku kai wa na sama da shi a ƙungiyance. In an toshe kunne, akwai ofishin ƙwadago da kotun ma'aikata. Wannan daban da zaman yankan naman manaja a WhatsApp, wanda ba ya dawo da ko kwabo.

Na ga alamar zuciya ta kai ka wuya. Kada ka rama da sakaci da aikin da kake karɓar albashinsa, kada kuma ka sauke haushin a kan iyalinka. Ka fara neman wani aikin tun yanzu, amma kada ka ajiye wannan cikin fushi kafin wancan ya tabbata, sai fa in an tilasta ka rubuta lissafin ƙarya ko an hana ka salla. Wallahu a'alam.