Camus ɗan Aljeriya ne ko ɗan Faransa?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa 'yan Aljeriya da yawa ba sa ɗaukar marubuci Albert Camus a matsayin nasu, alhali a can aka haife shi a 1913. Duba littafinsa L'Étranger na 1942. Meursault, Baturen da shi ne jigon labarin, ya harbe mutum a bakin teku, amma har ƙarshe "Balarabe" kawai ake ce wa mamacin, ko suna babu. A kotu ma an fi damuwa da rashin kukan Meursault a jana'izar uwarsa. A ganina haka Turawan da suka kafa zama bayan mamayar da Faransa ta yi wa Aljeriya a 1830 suka ɗauki ƙasar: tasu ce, masu ita kuwa 'yan kallo. Sai a 2013 Kamel Daoud, marubuci ɗan Aljeriya, ya rubuta nasa littafin inda ya raɗa wa mamacin suna Musa, ya sa ƙanensa ya ba da labarin.