Tambaya da Amsa: Tayar da Tsohon Keke Daga Tsatsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai Raleigh na mahaifinmu a jingine cikin zaure fiye da shekara goma, tsatsa ta rufe shi. Zai tashi kuwa? Ta ina zan fara? Daga mai karatu a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi ko noti ɗaya sai ka duba firam, don shi kaɗai ne ba a musanyawa. Wanke keken, ka kifa shi, ka bi wurare uku da bakin sukundireba: ƙarƙashin gidan feda, ƙafafun baya inda suka haɗu da gidan fedan, da gindin bututun sirdi, inda ruwa ke shiga ya kwanta. Tsatsar da ke kankaruwa ta bar ƙarfe mai ƙarfi ba komai ba ce. In ƙarfen ya loɓa ko ya huje, aikin ya zama na mai walda, kuma na gas, domin an haɗa waɗannan bututun ne da narkakkiyar tagulla, waldar lantarki ƙone su take yi. Shafa bayan wuyan keken ma. In ka ji tudu ko tamoji a ƙarƙashin bututu, ya taɓa karo. Sannan ɗaura zare daga mariƙin tayar baya na dama, ka zagayo da shi ta wuya zuwa na hagu, ka auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Bambanci ya wuce milimita 3, firam ya karkace.

In ya tsallake, jiƙa kowane noti da kananzir gauraye da ɗan baƙin mai, kwana biyu, kafin ka ɗora sifana. Fedar hagu da kofin gidan feda (mazaunin boris) na ɓangaren sarƙa baibai suke kwancewa, wato ta inda sauran ke ɗaurewa. Nan mutane da yawa ke kashe zare, wato tsagin da noti ke bi ya ɗauru.

Kota, wato fil ɗin da ke riƙe hannun feda a jikin aksil, ita ce mai gardama. Sassauta notinta har ya yi daidai da bakin kotar, ka tokare hannun fedan daga ƙasa da guntun bututun ƙarfe, ka ba ta guduma ɗaya mai nauyi. Ƙananan bugu baje kanta suke yi, daga nan sai huda. Wajen mayarwa, kotocin biyu su kalli ɓangarori daban, in ba haka ba hannayen feda ba za su miƙe a layi ɗaya ba.

Abu ɗaya da ya keɓanta da tsohon Raleigh ɗin da aka ƙera a Nottingham ta Ingila: zaren gidan fedansa da na wuyansa 26 ne a inci ɗaya, na yawancin sauran kekuna kuwa 24. Kofin keke mai zare 24 zai kama zagaye biyu ko uku sai ya cije, in ka matsa ka lalata firam. Saboda haka tsofaffin kofunan nan dukiya ne, a wanke su a adana.

Tambaya: An ce in zuba ruwan batir, nan take tsatsa za ta fita. Gaskiya ne? Daga Sabuwar Unguwa, Katsina.

Amsa: Za ta fita, tare da ƙarfen da fatar hannunka. Bar shi. Ƙananan kaya, su noti da sandunan birki, a nutsa su cikin farin binega awa 12 zuwa 24, a goge da buroshin ƙarfe. Ruwan tsamiya mai kauri ma yana yi, sai dai ya fi jinkiri. Daga nan a ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, a shanya a rana, a shafa mai nan take, don ƙarfen da ya fito daga tsami kafin la'asar ya sake ja. Kan keke da rim masu ƙyalli ba a sa musu samfefa. Dunƙule takardar alminiyam, ka tsoma a ruwa ka riƙa gogawa.

Sarƙa kuwa auna ta: daga fil ɗaya ka ƙirga 24, ya kamata su ba ka inci 12 cif. In ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci ta gama aiki, kuma a canza ta tare da firiwil, don sabuwar sarƙa tsalle take a kan haƙoran da suka cinye.

Tambaya: Na fesa wa kekena fenti, wata bai cika ba ya fara ɓarewa. Me ya jawo? Daga Daura.

Amsa: Ɗaya daga cikin uku ne, ko duka: maiƙo ya rage a jikin ƙarfen, ko ba a sa fentin ƙasa ba, ko an labta shi da kauri a tashi ɗaya. Sai an koma farko. Goge da samfefa mai lamba 120 har tsatsa ta ƙare, ka bi da 240. Share da tina da tsumma mai tsabta, kada hannu ya sake taɓawa. Toshe gidan feda da wuya da bakin bututun sirdi da takarda, ka rufe tambarin gaba da salatif. Na Raleigh kan zalɓe ne, kuma abin takaici ne a ga an binne shi da fenti.

Fesa jan fentin nan mai hana tsatsa shafi biyu, ya kwana, ka lallaɓa shi da samfefa 400. Sai launi, shafi uku marasa kauri, gwangwani na nesa da ƙarfe kamar taƙi ɗaya, minti 15 tsakanin shafi da shafi. Gwangwani ɗaya na fentin ƙasa da biyu na launi, masu mililita 400, sun ishi firam da fok. Rataye firam ɗin a rumfa da safe, ka yayyafa wa ƙasa ruwa. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa ko hadari ya haɗu, a ɗaga aikin. Fenti zai bushe a hannu cikin awa ɗaya, amma bai yi ƙwari ba sai ya yi mako, don haka kada a yi gaggawar ɗaura kaya.

Tambaya: Na haɗa komai, amma taya na rawa, feda na ƙas-ƙas. Daga Mai'adua.

Amsa: Boris ne. Kusan kullum adadin haka yake: gidan feda ƙwaya 11 kowane gefe, tayar baya 9, dukansu masu kwata na inci, tayar gaba 10 masu 3/16. Sa sababbi duka, kada ka gauraya da tsofaffi, kuma da giris, don baƙin mai tsiyayewa yake ya bar yashi. Duba kon da kofi, waɗanda boris ke juyawa a tsakaninsu, in sun yi rami-rami sabon boris ba zai hana ƙara ba. Ɗaure kon har rawa ta ɓace amma taya na juyawa da kanta, sannan ka kulle da noti. In kuma rim ne ke kaɗawa hagu da dama, kai wa mai gyaran keke ya ja sifok, domin birkin sanda ba ya kamawa daidai a kan karkataccen rim.

Tambaya: Ina so ya yi kyau, kuma ya riƙa ɗauko mini jarkoki biyu na ruwa. Me zan ƙara? Daga Ƙofar Guga, Katsina.

Amsa: Jarka biyu masu lita 25 kilo 50 ke nan a kan tayar baya. Nemi kariya, wato wurin ɗora kaya na baya, mai ƙafafu masu kauri da ke sauka a kan aksil, a ɗaure ta da noti, kada a walde ta da firam. In za a sake ɗinkin tayar baya, tsohon Raleigh sifok 40 yake ɗauka a baya, 32 a gaba, to ƙirga ramukan hob kafin ka sayi rim. Canza firiwil mai haƙora 18 zuwa 20 ko 22. Gudu zai ragu, amma tuƙi cikin yashi zai yi sauƙi. Za ka ƙara wa sarƙa gaɓa ɗaya ko biyu, ka bar mata sassauci kamar santimita ɗaya a tsakiya. Saboda tsidau, yanke gefunan wata tsohuwar taya ka shimfiɗa tsakiyarta cikin sabuwar kafin ka sa tub.

Kwalliya kuwa, madubi da ƙararrawa da tuntu da rigar sirdi duk a sa, muddin da maɗauri aka kama su, ba a huda firam ba, kuma babu abin da ke lilo kusa da sifok ko sandar birki. A ganinmu baƙin fenti da siririn layin ruwan zinare ya fi dacewa da waɗannan kekuna. Fitilar dainamo mai bolt 6 tana mutuwa da zarar ka tsaya, saboda haka mai dawowa bayan magariba ya ƙara ja mai batir a baya.