Fendar Corolla: ka ɗaura da kanka, fenti ka bar wa masu shi

Malam, ka tambaya ko za ka iya canja fendar Corollarka, wato ƙarfen jikin mota da ke saman taya, da mai Keke Napep ya lotsa a Jekadafari, ba sai ka je wurin fanal bita ba. In ta gaba ce, za ka iya. Notuna ne ke riƙe da ita, yawancinsu sifana lamba 10 ke kwancewa, sai dai ka fara sassauta bamba da fitila. Kada ka ɗaure notunan tamau sai ka ga ƙofa na buɗuwa ba ta gogar fendar.

Ta baya kuwa walda ce, kada ma ka fara.

Fenti ne matsalar. Samun fendar Beljiyam, wato ta hannu da ake shigowa da ita daga waje, mai kalar motarka sai an dace, kuma fesawa a tsakar gida cikin ƙurar hunturun Gombe ɓarnar kuɗi ce kawai.