Amsa ga ƙanwarmu ta Maiurno a Sudan da ke neman littafin karantawa

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka. Kin ce kin ci shahada Sudaniyya, jarrabawar gama sakandare, an ba ki gurbi a Jami'ar Jazira, ke ce ta fari a gidanku, kuma kina neman littattafan waɗanda suka bi wannan hanya. Na ga an yi ta turo miki sunayen na Amurka. Ba laifi, amma ni da na fito daga gidan manomin hawasha, wato gonar noman ban-ruwa, na shiga jami'a, na Larabci ne suka fi yi mini magana, ga shi kuma ba kya buƙatar ƙamus.

Fara da Al-Ayyam na Ɗaha Husain, musamman juzu'i na biyu. Yaro ne makaho daga ƙauyen kudancin Masar, aka kai shi Azhar a 1902, daga baya ya shiga Jami'ar Masar da aka buɗe a 1908, ya yi digirin dokta a 1914 kafin ya wuce Faransa. Wansa ya riga shi zuwa Azhar, don haka ba shi ne na fari ba, amma kaɗaicin da ya zana shi ne namu sak: yana zaune shi kaɗai a ɗaki a Alƙahira, yana jiyo wansa da abokai suna shayi suna raha, ba mai ce masa zo. Ranar da kika kwana a dahiliyya, wato ɗakin kwanan ɗalibai, manyan ɗalibai suna kiran ki barluma, wato sabuwar shiga, kuɗinki bai wuce na bosh ba, gurasar nan da romon wake, za ki gane shi.

Wurin da nake so ki tsaya ki karanta sau biyu shi ne inda ya koma gida hutu. Ya ji mahaifinsa na karanta Dala'ilu, sai ya yi dariya ya ce aikin banza ne. Ran tsohon ya ɓaci ƙwarai. Duk wanda ya fara shiga jami'a a gidansu sai wannan zazzaɓin ya taɓa shi, wani a hutun farko, wani a na biyu. Ka dawo da ɗan abin da ka tsinta a aji, ka fara gyara wa Inna yadda take ajiye ruwa a randa, ka ga Baba bai iya lissafin auduga ba, alhali da kuɗin audugar aka saya maka takalmin tafiya. Na san wani abokin karatunmu da ya daina Hausa da ƙannensa, sai Larabcin Khartum. Har yau ana ba da labarinsa a wurin biki, kuma ba da yabo ba. Iyayenmu fa sun yi halwa, wato makarantar allo, wasunsu sun sauke har sun yi littattafai. Takardar gwamnati ce kawai ba su da ita.

Na biyu, Mausimul Hijra ilash Shamal na Ɗayyib Salih, wanda ya fito a 1966. Kowa Mustafa Sa'id, tauraron littafin, yake magana a kai, ni kuwa mai ba da labarin nake so ki sa wa ido. Ya yi shekara 7 a Turai, ya dawo ƙauyensu a bakin Nilu da digirin dokta, ya zama ma'aikaci a Khartum. Abokinsa Mahjub, wanda bai wuce firamare ba, shi ke riƙe da al'amuran ƙauyen, shi ake jin maganarsa. Da aka tashi yi wa Husna, matar da Mustafa Sa'id ya bari, auren dole, mai digirin bai iya hana komai ba. Sai dai akwai wurare masu nauyi a ciki, kada ki bar shi inda ƙannenki za su ɗauka.

Tunda ke mace ce, ki nemi Tarikh Hayati na Babikir Badri. Shi bai shiga jami'a ba, sojan Mahadi ne a ƙuruciyarsa, amma shi ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907 da 'ya'yansa da na maƙwabta, kuma daga wannan tushe Jami'ar Ahfad ta Omdurman ta fito. Yana da tsawo, ba sai kin karanta duka ba. Idan wani kawu ya ce boko ba na mace ba ne, ki tuna masa Rufa'a ba ta da nisa da mu.

Abin da littattafan nan ba za su gaya miki ba shi ne maganar kuɗi da buƙatun gida. Tun kina shekarar farko za a fara kiran ki dakta, a kawo miki takardar asibiti ki fassara, a sa ran kin san wani a ofishin gwamnati. Ki koyi cewa "Kawu, wannan ban kai nan ba tukuna, amma zan tambayo" ba tare da jin kunya ba. Sannan ki nemo wata 'yar garinmu da ta riga ki a jami'ar tun kafin ki tafi, ita za ta nuna miki inda ake rajista da wanda za ki gani idan kuɗin makaranta ya makara.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya wargaza ɗakunan karatu da yawa, saboda haka a waya za ki fi saurin samun su. Al-Ayyam ɗina na takarda yana Sinnar wurin yayata. Idan kina da mai zuwa, ki yi mini magana ta akwatin saƙo in sa a ba shi.