Tambaya da Amsa: Me ya sa tsofaffin finafinan waƙa ba sa tsufa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanena ya zo hutu ya tura wa yarana wani tsohon fim na Turawa, The Sound of Music. Tun daga ranar ban huta ba, kullum shi suke kunnawa. Autarsu ko Turanci ba ta ji, amma ta haddace waƙoƙin. Mahaifiyata ma haka take da Mother India. Me ke cikin waɗannan tsofaffin finafinan ne? Kuma babu laifi yara su kalla? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Sai dai ki ƙara haƙuri. Fim ɗin nan tun 1965 ya fito, ya ci kyautar Oscar biyar har da ta gwarzon fim na shekara, kuma tun lokacin yake hana iyaye sakat.

A ganina sirrin yana cikin aikin da aka ba waƙa. Ki zauna da su wata rana ki lura. Kyaftin von Trapp matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya bakwai, shi kuma ya mayar da gidan barikin soja: kowane yaro da busar usur ɗinsa, an hana wasa, an hana waƙa. Sai ga Maria, wadda Julie Andrews ta fito a matsayinta, ta zo rainonsu. Ta yanka tsohon labule ta ɗinka musu kayan wasa, ta koya musu rera waƙa. Ranar da uban ya ji muryoyin 'ya'yansa daga falo, yana tsaka da korar Maria, nan take jikinsa ya yi sanyi ya shiga ya sa baki. Ba wanda ya yi masa wa'azi. Waƙar ce ta yi sulhun, shi ya sa autarki ta gane ba tare da tafinta ba.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne Edelweiss, waƙar wani farin fure na kan duwatsu. Sau biyu ake rera ta. Da farko Kyaftin ya rera wa 'ya'yansa a gida da jita, cikin nishaɗi. Karo na biyu kuwa a dandalin gasa ne a birnin Salzburg na Ostiriya, bayan Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938, 'yan Nazi, mutanen Hitler, na zaune suna jiran su tafi da shi. Muryarsa ta karye, Maria da yaran suka kama masa, sai taron duka ya ɗauka. Baitukan ba su canza ba, amma ta koma bankwana da ƙasa. Mutane da yawa sun ɗauka tsohuwar waƙar gargajiyar Ostiriya ce, alhali Richard Rodgers da Oscar Hammerstein ne suka yi ta a Amurka don wasan dandamali na 1959 wanda daga gare shi aka yi fim ɗin, kuma ita ce ta ƙarshe da Hammerstein ya rubuta kafin ya mutu a 1960. Kin ga ke nan yawancin waƙoƙin sun sha gwaji a gaban 'yan kallo shekaru kafin a kunna kyamara.

Hajiyarki ma tana da hujja. Mother India na 1957 ne, kuma ya daɗe yana cika sinimomin Kano, ko da yake iyayenmu mata galibi a talabijin da kaset suka gan shi, don zuwa sinima ba na matan kirki ba ne a lokacin. Wa zai ga jarumar fim ɗin, Nargis, tana jan garma da kafaɗarta, ga 'ya'ya ga bashin mai ba da rance, ya ce sai an fassara masa?

Nan ne nake da ƙorafi da yawancin finafinanmu na yanzu. Ana cikin labari sai a tsaya cak, a canza kaya, a tafi lambu a yi rawa, a dawo. Cire waƙar, babu abin da ya ragu. Su kuwa waɗancan, in ka cire waƙa ɗaya sai labarin ya yi giɓi.

Batun yara: ni dai na bar nawa sun kalla. Amma ki sani akwai 'yar sumbata a wasu wurare, kuma Maria daga gidan mata masu zaman zuhudu na coci ta fito, don haka ki shirya wa tambayoyi. Tsawonsa kusan awa uku ne, ki bari sai an gama aikin makaranta.

TAMBAYA: Anti, wai da gaske ne labarin iyalan von Trapp ya faru? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Ya faru, ƙanena, amma an sa masa gishiri. Auren Maria da Kyaftin a 1927 aka yi shi, ba dab da zuwan 'yan Nazi ba. Kuma ba su tsere ta kan duwatsu da ƙafa ba kamar yadda fim ɗin ya nuna. Jirgin ƙasa suka hau zuwa Italiya, daga baya suka zauna a Stowe ta jihar Vermont a Amurka. Da sun bi duwatsun da ke kusa da Salzburg, da cikin Jamus za su faɗa.