Ɗan zakinmu yana tangaɗi, kansa kuma ya yi faɗi

Tambaya: Likita, ina kula da namun daji a wani gidan zoo. Ɗan zakinmu mai wata 10 ya fara tangaɗi, yana ɗaga kai yana kallon sama, kansa kuma ya yi faɗi fiye da kima. Tsokar shanu zalla muke ba shi, ba ma ha'inci. Wasu sun ce iska ce. Zai rayu kuwa?

Amsa: Malam, bar zancen iska. Faɗin kai shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Tun 1917 wani masanin dabbobi, Ned Hollister, ya gwada ƙoƙon kan zakunan Kenya da aka raina a keji a Washington da na 'yan uwansu na dawa, ya tarar na keji sun fi faɗi ta wajen kumatu. Tangaɗin ne ya dame ni.

Tsoka zallar nan da kake alfahari da ita, ita nake tuhuma. Kullum sai na ji wannan magana, wai zaki nama yake ci. Wane zaki ne a Yankari yake yankar tsoka ya bar saura? Ciki yake fara farkewa ya ci hanta, ya bi da fata da guringuntsi, ya gwagwiyi ƙashi. Tsoka ba ta da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, sai ɗan abin da ba a rasa ba, sinadarin fosfaros kuwa ya yi mata yawa, don haka jiki ke zuƙe kalsiyam daga ƙashi. Kuma a wannan shekarun ne yake famfara, fuska na tsawo, tudun ƙashin da ke riƙe tsokar tauna yana tasowa a tsakiyar kai. Bitamin A kuma a hanta yake, tsoka ba ta da shi sosai. Idan ya yi ƙaranci, ƙashin ƙeya kan yi kauri, ramin da laka ke fita ya tsuke, ya matse bayan ƙwaƙwalwa. Ga tangaɗinka, ga kallon sama.

Abin haushi, ɗan kwangila ya kawo tsoka ja wur, ofis ya sa hannu, kowa ya ce an ciyar da dabba. Sai ta kwanta a fara neman mai tofi.

Kada kuma ka cika shi da hanta ko ka bari wani ya yi ta danna masa allurar bitamin A da ka. Yawansa ma ɓata ƙashi yake. A kira likitan dabbobi ya ɗauki hoton kai, ya ƙayyade adadin. A koma ba shi akuya ko kaji sukutum. Wanda aka tara da wuri yakan samu sauƙi, amma ƙashin da ya riga ya yi kauri ba lallai ya koma daidai ba.