Ga mai shirin zuwa Ingila: rarar haraji da inda za ka ajiye ta

Ƙanena, ka ce a watan Satumba za ka sauka Ingila don digiri na biyu, kuma ka ji hukumar haraji ta HMRC tana mayar wa ɗalibai kuɗi, shi ne kake tambayar bankin da ya fi ba da riba ka zuba su. Za mu zo kan banki, amma sai kuɗin sun dawo hannu tukuna.

Shekarar haraji a nan tana farawa ne 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilun gaba. Fam 12,570 na farko da ka samu a cikinta babu harajin albashi a kansu, ko da a wata shida ka tara su. Inda ake samun matsala shi ne baƙo ba shi da takardar P45 daga wani tsohon wurin aiki, sai a ɗora shi a kan lambar haraji ta wucin gadi. Ranar da ka karɓi takardar albashinka ta farko, nemi wannan lambar. In ka ga 1257L ita kaɗai, lafiya lau. In ka ga BR, ana cire maka kashi 20 cikin ɗari tun daga fam na farko. A ce kana samun fam 1,000 a wata da awa 20 ɗin da bizar ɗalibi ta yarda a mako: fam 200 ke tafiya duk wata, daga Oktoba zuwa Maris ya zama 1,200, alhali ko sisi ba a binka. Masu haɗa aiki biyu sun fi faɗawa wannan, don na biyun kusan kullum BR ake sa masa.

Kada ka jira ƙarshen shekara. Cike fom ɗin sabon ma'aikaci tun ranar farko, ka buɗe asusunka a manhajar HMRC da lambar inshorar ƙasa (National Insurance), ka gyara bayanan aikinka. In an canja lambar kafin Afrilu, rarar a cikin albashi za ta dawo. In shekara ta rufe, sai wasiƙar P800 mai lissafin rarar ta zo daga HMRC, ka nemi kuɗin ta intanet. Kana da shekara huɗu kafin haƙƙin ya faɗi. Abin da aka cire na inshorar ƙasa kuwa ba ya cikin wannan lissafi. Kamfanonin da ke cewa za su karɓo maka rabo suke yanka a kan aikin da kyauta ne, saƙon waya mai cewa ka latsa nan ka karɓi kuɗinka kuma na 'yan damfara ne.

To, kuɗi sun shigo. Kafin ka dubi kason riba, tambayi kanka yaushe za ka buƙace su. Mai niyyar neman bizar zama bayan kammala karatu zai biya kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara a dunƙule, ban da kuɗin bizar kanta. Irin wannan kuɗi asusun da ake cira kowane lokaci ya dace da su. Asusun da ake kullewa shekara guda yawanci ba ya buɗuwa kafin wa'adi, ko mai gidan haya na tsaye a ƙofa.

Wajen kwatanta bankuna, dubi adadin da aka rubuta AER a gefensa, wato kason ribar shekara guda cikakkiya. Wasu suna ƙara kaso na wata 12 don jan sabbin mutane, daga nan ya zube shiru, saboda haka rubuta ranar a waya. Asusun zubin wata-wata shi ya fi ruɗi. In an ce kashi 7, kana zuba fam 200 duk wata, abin da za ka gani a ƙarshe wajen fam 91 ne, ba 168 ba, domin zubin farko kaɗai ke cika shekara a ciki. Dabarar ita ce rarar ta zauna a asusun da ake cira, kana kwasowa kana zubawa a wancan.

In kana gudun kuɗin ruwa, akwai Al Rayan da Gatehouse, bankunan Musulunci masu ba da ribar da ake sa rai daga juya kuɗin, kuma tsarin FSCS da ke kare ajiya in banki ya durƙushe ya haɗa da su. A wurin HMRC dai ribar tasu da kuɗin ruwa hukuncinsu ɗaya. Mai biyan kashi 20 yana da fam 1,000 na ribar ajiya a shekara ba haraji, abin da ɗalibi zai yi wuya ya kai. Don haka kada sunan ISA, asusun ajiyar da babu haraji a kan ribarsa, ya ja ka in kasonsa bai kai na asusun gama-gari ba.

Wanda za a fi kwaɗaita maka shi ne Lifetime ISA, inda gwamnati ke ɗora kashi 25 a kan abin da ka zuba, har fam 4,000 a shekara. Na mai sayen gidansa na farko a Birtaniya ne, ko mai jiran shekara 60. In ka zuba 4,000 ya zama 5,000, sannan ka cire don komawa gida, tarar kashi 25 a kan 5,000 ɗin ake yanka, ka tashi da 3,750. In kuwa tafiyar ta zo a tsakiyar shekarar haraji, aika wa HMRC fom P85 na mai barin ƙasar, kuma kada ka rufe asusun bankinka na nan sai rarar ƙarshe ta shiga.